Yadda ake neman macijin kiwo idan ya tsere daga akwatinsa

Sabon shiga a harkar ajiye maciji cizo yake tsoro, alhali cizon ƙaramar mesa bai wuce ƙarzanar ƙaya ba. Tashin hankalin da kusan kowa ke ɗanɗanawa a shekararsa ta farko shi ne ya wayi gari ya tarar da akwati wayam.

Maganar nan a kan ƙaramar mesa ce mai dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata, wadda masana ke kira Python regius. Asalinta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, kuma daga Gana da Togo da Benin aka fi fitar da ita zuwa Amurka da Turai. Ba ta da dafi, tsawonta da wuya ya haura mita ɗaya da rabi, tana kuma iya shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula. Kumurci da kasa da kububuwa ba abin kiwo ba ne. Babbar mesa ma a ƙyale ta. A watan Agustan 2013, a garin Campbellton na Kanada, wata mai tsawon kusan mita huɗu ta bi bututun iska ta faɗo ɗakin da yara biyu ke barci, ta kashe su.

Da ka ga ƙaramar mesarka ba ta cikin akwati, fara rufe ƙofar ɗakin, ka cusa tawul a ƙasan ƙofar. Toshe magudanar banɗaki, rufe murfin masai, fitar da kyanwa. Sai ka koma kan akwatin ka bincika da kyau: tona shimfiɗar da hannu, ɗaga kwanon ruwa, leƙa bakin murfi ta ciki. Sau da yawa ba inda ta je, ta nutse ne cikin ɓawon kwakwar da aka shimfiɗa mata ko ta maƙale a lungun sama.

Idan ta fita da gaske, a nan mutane ke ɓata lamari. Sai a birkice gida gaba ɗaya, ana jan kujeru ana buga kabad. Maciji yana jin girgizar ƙasa a jikinsa, kuma hayaniya ƙara tura shi ciki take yi. Jan kujera a ƙasa kuwa shi ke murƙushe shi. A ɗaga kaya sama, mutum biyu, na uku ya haska da tocila. Kujerar da ake kwantarwa kada kowa ya taɓa hannunta sai an juya ta an duba ƙarafan ciki.

Fara daga gindin akwatin kana faɗaɗawa. Wannan macijiya ba ta ratsa tsakiyar ɗaki, jikin bango take bi har ta sami wuri mai duhu, matsattse, mai ɗumi. Bayan firij ne na farko, wajen injin da ke fitar da zafi. Sai bayan talabijin, ƙarƙashin inbata da batiranta, cikin takalmi, kwandon wanki, aljihun tebur ta baya, da yagaggen ƙyallen da ke ƙasan kushin. Kada ka raina rami. Inda kai ya shige, galibi jiki zai bi. Duba sama ma, don tana hawa labule da kantar littattafai fiye da yadda kaurinta ke nunawa. Kafin a kunna injin wanki ko a fitar da shara, a zazzage.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: a gidan da macizan daji ke iya shigowa, kada ka zura hannu inda idonka bai gani ba. Zanen jikin kowace irin wannan mesa daban yake, don haka ajiye hoton taka a waya tun ranar da ka kawo ta. Abin da ka hango a bayan buhu ba lallai naka ba ne. Wanda macijin da bai sani ba ya sara, asibiti kai tsaye, ba ɗauri ba tsaga.

Rana ta wuce ba ka gan ta ba, to dare za ka jira, domin da dare take yawo. Barbaɗa fulawa siriri, faɗin yatsu uku, a bakin kowace ƙofa da jikin bango. Da safe sawun cikinta zai nuna maka ɗakin da ta shiga ko ta fita. Jera ledoji masu ƙara a lunguna, kashe fitila da fanka, ka zauna shiru awa ɗaya ko biyu kana saurare. Ajiye kwanon ruwa a kowane ɗaki, don tana iya watanni ba ci amma ƙishirwa za ta fito da ita, musamman da hunturu. Kwali mai ƙaramar ƙofa da gorar ruwan ɗumi nannaɗe da tsumma a ciki ya fi duk wani tarko na saye aiki, kuma bai ci maka ko sisi ba.

Tarkon ɓera mai gam haramun ne a wannan aiki, haka salatif. Gam yana ɗaye fata har da tsoka. In ta riga ta manne, zuba man gyaɗa a gefen da ya kama, ka riƙa sassautawa a hankali, kada ka ja. Masu cewa a watsa kananzir ko fiya-fiya ta fito, gawarta za su fito maka da ita.

Mutanen gida dole su sani tun awar farko. Maƙwabcin da kuke haɗa katanga ma gara ka nuna masa hoton ka ba shi lambarka, domin wanda ya ga maciji mai dabbare-dabbare a tsakar gidansa ba zai tsaya tantance ta da kasa ba, sanda zai ɗauka.

Da ka same ta, ɗauke ta ta tsakiyar jiki, ba ta kai ko wutsiya ba. In ta kama hannu kada ka fizge, haƙoranta baya suka lanƙwasa. Sa wurin ƙarƙashin ruwan sanyi za ta saki, sai ka wanke da sabulu. Duba fatar cikinta ko akwai ƙuna ko yanka, ba ta ruwa, ka bar ta kwana biyar zuwa bakwai kafin abinci. Gefen ɗumi na akwatin ya tsaya wajen digiri 31 zuwa 32, na sanyi wajen 26.

Sai gyaran murfi. Littattafai ko bulo da ake ɗorawa a kai ba makulli ba ne, da kai take turawa kusurwa bayan kusurwa har ta sami mai ɗagawa. Sa sakata ko maƙali a duk kusurwa huɗu. Ƙofar gilashi mai zamewa a sa mata makulli, a toshe tazarar da ke tsakanin gilasan biyu. Ramin da wayar lantarki ke shiga a cike shi da silikon, a bari ya bushe warin ya fita kafin a mayar da ita.