Idan hed ɗin tsohon babur ya ƙi fita

Wata tsohuwar Honda CG125 aka kawo mini, ta fi shekara 10 a jingine a zaure. Na kwance salansa, kafireta da rokoki (ƙarafan da ke danna bawul), na zare notuna huɗun sama, hed, wato kan injin da ke rufe saman silinda, ya ce bai san zancen ba.

Kafin komai ka sake dubawa. Akwai bol guda a gefe da baƙin mai ke rufewa, shi ke yaudarar yara a gareji. Idan ka tabbatar babu saura, to gasket ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin hed da silinda, ya manne, ko tsatsa ta kama sandunan da notunan ke ɗaurewa a kai. Zuba kananzir ta ramukan notuna, ka bar shi ya kwana. Da safe ka ɗora katako a inda ƙarfen ke da kauri, ka riƙa bugawa da guduma a hankali, kana zagayawa. Kada ka taɓa fika-fikan nan na sanyaya inji, alminiyam ne, bugu ɗaya sun ɓalle.

Sukundireba kuwa, don Allah a'a. Na taɓa cusa ta a tsakanin hed da silinda ina gaggawa, injin bai daina yoyo ba sai da aka goge fuskar hed ɗin.

Nawa igiya ce ta fid da shi. Na cire fulogi, na saukar da fistin, na zura igiyar auduga ta ramin, na bar bakinta a waje. Na danna kik da hannu sannu-sannu, fistin ya turo igiyar ta tokare hed, sai na ji ƙas, ya saki. Bololin gindin silinda dai ka bar su a ɗaure, kada silinda ta taso tare da hed.