Yadda ake tara wa cibiyar renon kamfanonin kayan asibiti kuɗi a Saudiyya

Matashin injiniya a Jidda na iya haɗa fitilar maganin shawarar jarirai a kan teburinsa cikin wata biyu, ta kama, ta ba da shuɗin hasken da ake so. Daga teburin nan zuwa ɗakin jarirai na asibiti kuwa tafiyar shekaru ce, kuma a wannan hanya kuɗi ke ƙarewa. Cibiyar reno, wadda Larabawa ke kira hadinatul a'amal, ita ce ke riƙe irin waɗannan ƙananan kamfanoni har su tsaya da ƙafarsu. Ga Hausawan Makka da Jidda da Madina masu niyyar kafa irinta, abin da za a fara ganewa shi ne kuɗin kayan asibiti ba ya juyawa da wuri kamar na turare ko na yadi. Duk tsarin da za a yi, a gina shi a kan wannan jinkiri.

Rigar doka kafin riyal na farko

Tara gudummawa daga jama'a ba tare da izini ba laifi ne a Saudiyya, ko da manufar ta alheri ce. Saƙon WhatsApp mai lambar asusun mutum ɗaya ya isa ya rusa aikin tun bai fara ba. Saboda haka sai an zaɓi rigar da cibiyar za ta sa.

Idan ƙungiyar sa-kai ce, rajistarta na hannun Cibiyar Ƙasa ta Bunƙasa Ɓangaren da Ba Na Riba Ba, kuma doka ta nemi 'yan ƙasa aƙalla goma su kafa ta. Idan kamfani ne, sabuwar dokar kamfanoni da ta fara aiki a Janairun 2023 ta kawo nau'i biyu masu amfani a nan: kamfanin da ba na neman riba ba, da kamfanin hannun jari mai sauƙaƙen tsari, wanda ya fi dacewa da ƙananan kamfanonin da za a rena domin shigar da sabon mai jari a cikinsa ba ya wahala. Lasisin gudanar da cibiyar reno kansa daga hukumar Monsha'at yake fitowa, wato hukumar ƙanana da matsakaitan masana'antu da aka kafa a 2016.

Mai iƙama da ba ɗan ƙasa ba ya bi ta Ma'aikatar Zuba Jari, inda ake da rajistar da aka ware wa masu sababbin dabaru, kuma takardar goyon baya daga cibiyar reno ko jami'a da aka amince da ita na cikin abin da ake dubawa. Hanyar da wasu suka saba, ta rubuta kasuwanci da sunan ɗan ƙasa alhali mai shi wani ne, ita ake kira tasattur, hukuncinta na kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Ban da hukuncin ma, babu mai zuba jarin kirki da zai sa kuɗi a kamfanin da takardarsa ke faɗin wani abu, gaskiya na faɗin wani.

Kowane kuɗi da aikinsa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zuba komai a tukunya ɗaya. Kuɗi iri uku ne, kuma kowanne da halinsa.

Na farko kuɗi mai haƙuri, wanda mai shi ba ya jiran ya dawo: waƙafi, tallafin gidauniyoyi, da abin da manyan kamfanoni ke warewa don al'umma. Da shi ake biyan albashi da haya da kayan ɗakin gwaji. Waƙafi ya fi kowanne dacewa da jinkirin wannan sana'a. Idan attajiri ya tsayar da gida ko shaguna, aka rubuta a takardar waƙafin cewa hayarsu ta cibiyar ce, aka yi rajista a Hukumar Auƙafi, to an samu abin da ke shigowa kowace shekara ba tare da yawon roƙo ba. A kula da lafazin takardar sosai, domin sharaɗin mai waƙafi yana ɗaure nazirin da ke kula da shi. Wanda ya rubuta "don sayen magani ga marasa lafiya" ya rufe ƙofar biyan injiniya. A rubuta a fili cewa ya haɗa da bincike da ƙera na'urori da horar da masu ƙera su. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, mai hedikwata a nan Jidda, yana da asusu na musamman da ke ba da kuɗin gina kadarorin waƙafi, ga wanda ke da fili amma ba shi da kuɗin gini.

Zakka fa? Masu cinta takwas ne kamar yadda Suratut Tauba ta jero, kuma hayar ofis ba ta cikinsu a wajen akasarin malamai. Wanda ya kawo zakkarsa a nuna masa inda za ta sayi na'urar da aka gama ga mara lafiya matalauci, a riƙe ta a asusu daban.

Na biyu jari, wanda mai shi ke jiran riba. Wannan kamfanonin da ake reno yake shiga, a musanya da hannun jari, ba ya zuwa biyan kuɗin wutar cibiya. Ƙofofinsa sun haɗa da Wadi Makkah na Jami'ar Ummul Ƙura, da Wadi Jeddah na Jami'ar Sarki Abdul'aziz, da Wa'ed na kamfanin Aramco. Kamfanin SVC na gwamnati, wanda aka kafa a 2018, galibi ta asusun masu zuba jari yake bi, don haka su za a nema. Shirin TAQADAM na jami'ar kimiyya da fasaha ta Sarki Abdullah, KAUST, da ke Thuwal yana ba da tallafi ba tare da karɓar hannun jari ba, kuma cibiya mai wayo takan shirya kamfanoninta su shiga irin wannan gasa maimakon ta ɗauki nauyinsu ita kaɗai.

Na uku bashi, kuma shi ne na ƙarshen zuwa. Shirin Kafalah yana tsaya wa ƙananan kamfanoni a wajen bankuna, Bankin Raya Al'umma ma yana da nasa. Amma bashi na son mai ciniki a hannu. Kamfanin da bai samu izinin sayarwa ba, ya ci bashi, zai fara biya daga jarin da ya kamata ya kai shi ɗakin gwaji. Bashin murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar wa kamfani da ribar da aka sani a biya daga baya, ya dace ranar da aka samu odar farko ana neman sayen sassa.

Inda kuɗin ke zurarewa

Ba a sayar da na'urar asibiti a Saudiyya sai da izinin Hukumar Abinci da Magunguna, SFDA, ƙarƙashin dokar kayan asibiti ta 2021. Hukumar na kasa na'urori aji huɗu gwargwadon haɗari, daga A mafi sauƙi zuwa D mafi tsanani. Ajin na'ura shi ke faɗin tsadar hanyarta, shi ya sa ba a karɓar kamfani cikin cibiya sai an tantance ajin abin da yake ƙerawa. Sabuwar cibiya mai ƙaramin ƙarfi ta tsaya a A da B. Abin da ake dasawa a jiki, ko wanda rai ya rataya a kansa, a bar wa masu zurfin aljihu.

Akwai ƙa'idojin duniya masu lambar ISO da IEC da ake bi. Mai ƙera na'ura sai ya kafa tsarin kula da inganci na ISO 13485, ya rubuta kundin haɗura bisa ISO 14971. In na'urar na amfani da lantarki, za ta bi gwajin IEC 60601-1 na tsaro da 60601-1-2 na katsalandan ɗin igiyoyin lantarki. In tana taɓa fata, akwai ISO 10993, gwajin ko kayanta na cutar da jiki. In da manhaja a cikinta, akwai IEC 62304, ƙa'idar rubuta manhajar da kula da ita. Kowane ɗaya kuɗi ne, kuma faɗuwa a karon farko ba abin mamaki ba ne, musamman a gwajin katsalandan, inda waya ɗaya da aka bi da ita ta gurguwar hanya a kan allon lantarki kan sa a sake zana allon. A kasafta kowane gwaji sau biyu. Gwaji a kan marasa lafiya kuwa sai da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike da ta hukumar. Bayanan da aka tara a ɓoye a asibitin wani aboki ba sa shiga kundin da ake miƙa wa SFDA don neman izini, kuɗin da aka kashe a kansu ya tafi.

A nan amfanin cibiya yake. Ƙwararre ɗaya da ya san kundin SFDA zai yi wa kamfanoni shida aiki, alhali babu ɗayansu da zai iya biyansa shi kaɗai. Shi ne ma'aikacin farko da za a ɗauka, kafin mai talla, kafin kujeru masu juyawa.

Misalin kasafi

A ɗauka an tara riyal miliyan 2 don shekara biyu, za a reni kamfanoni shida. Wannan misali ne na rabo, farashin gaske sai an karɓo daga masu sayarwa da ɗakunan gwaji. Riyal 700,000 ga ma'aikata: manaja, ƙwararren kundi, da mai gyaran lantarki na wucin gadi. Riyal 300,000 ga haya da kayan aiki: na'urar 3D mai fitar da sassa, osiloskof mai nuna motsin lantarki a allo, kayan liƙa wayoyi da dalma, na'urar auna tsaron lantarki, da kuɗin daidaita ma'aunansu kowace shekara, wanda ake yawan mantawa har mai binciken ISO ya tambaya. Riyal 100,000 ga lauya da akanta da rajistar haƙƙin ƙirƙira a hukumar SAIP. Riyal 200,000 ajiya ce da ba a taɓawa sai da sa hannun mutum biyu. A tuna harajin VAT na kashi 15 cikin 100 a kan kayan aiki da hidimomi, da kuɗin iƙama da lasisin aiki na duk ma'aikacin da ba ɗan ƙasa ba.

Saura riyal 700,000 na kamfanoni, kuma kashi-kashi ake sakinsa. Zangon farko, duka shidan su samu 30,000 kowanne, su kawo samfurin da ke aiki da rubutacciyar shaidar likitoci ko ma'aikatan jinya cewa matsalar ta gaske ce. Zango na biyu, uku da suka fi ƙarfi su samu 80,000 kowanne don kulle zane da kafa tsarin inganci. Na uku, biyu su samu 140,000 kowanne don gwaji da miƙa kundi. A rubuta sharuɗɗan kowane zango tun ranar shiga. A cikin al'ummar da kowa ɗan uwan kowa ne, dakatar da kuɗin ɗan wane abu ne mai nauyi, shi ya sa kwamitin yanke hukunci ke buƙatar likita da injiniya daga waje, kuma duk mai dangi a cikin masu nema ya fita daga ɗakin.

Kason cibiya a kamfani kada ya yi yawa. Kashi 5 zuwa 8 cikin 100 ya wadatar. Wanda ya karɓi 30 tun farko ya kori mai jarin gobe, domin zai ga masu kamfanin ba su da sauran abin da zai riƙe su shekara bakwai. Kuma kada a rubuta ribar wannan kaso a kasafin shekarun farko ko kaɗan. Abin da zai iya shigowa da wuri shi ne hayar teburin aiki, da kuɗin horo, da aikin shirya kundi ga 'yan kasuwa masu shigo da kayan asibiti. Takardun zuba jari da ake kwafowa daga Amurka wasunsu bashi ne mai ruwa da ke rikiɗa ya zama hannun jari; a kai wa masanin mu'amalar Musulunci ya mayar da su musharaka, wato tarayya a riba da asara, kafin attajirin Makka ya gani ya janye.

Abin da ke shawo kan mai kuɗi

Mai kuɗi mai saye yake son gani. Asibitocin gwamnati galibi ta kamfanin NUPCO suke sayen kayansu, kuma tsarin kwangilar gwamnati na fifita kayan da aka ƙera a cikin gida da rangwamen kashi 10 cikin 100 wajen kwatanta farashi. Sai dai sabon kamfani ba ya fara cin babbar kwangila, kuma biyan manyan masu saye kan ɗauki watanni. A fara da asibitocin kuɗi da ƙungiyoyin agajin lafiya, a samo takardar niyyar saye ko da ta guda ashirin ce.

Buƙata kuwa a bakin ƙofa take. A Hajjin 2024 hukumomi sun sanar da rasuwar mahajjata sama da 1,300 a lokacin da zafi ya haura digiri 51 a Makka, kuma duk abin da ke saurin sanyaya jiki ko gano bugun zafi da wuri yana da masu nemansa. Ciwon sukari ya yawaita a ƙasar. Sikila na nan a Gabashin Saudiyya da Jazan, gwajinta kafin aure wajibi ne tun 2004, kuma ita ce dai ke addabar Kano da Zinder. Wannan ne fifikon Bahaushen Hijaz: ya san kasuwa biyu, yana da dangi a duka biyun.

Amma kasuwa ta biyun da nata kuɗin. Izinin SFDA bai ɗauke rajistar NAFDAC, hukumar abinci da magunguna ta Najeriya, ba. Wutar Saudiyya tana tafiya a hertz 60, wato tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, ta Najeriya da Nijar da Sudan a 50, don haka na'ura mai inji a ciki, kamar mai tace iskar oksijin, tana iya raguwar ƙarfi ko ta yi zafi in ta ƙetare Maliya. Ga ɗaukewar wuta, ga ƙurar hunturu mai toshe matata. Wanda ke da niyyar kai kayansa gida ya faɗa tun zangon farko, a zana na'urar da batir da matatar da ake wankewa da wutar da ke karɓar duka biyun, domin canjin zane bayan an ci gwaji na iya mayar da na'urar ɗakin gwaji a sake biya.