Yadda ake shirya daren kiɗa da rawar gargajiya a gidan tarihi

Da farko dai ka taka da ƙafarka ka je wurin, kar ka ce a waya za a gama magana. In a Kano ne, Gidan Makama yana hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, Gidan Ɗan Hausa kuma na jiha ne, ko wanne ka zaɓa sai ka kai takarda ka faɗi rana da yawan mutanen da kake sa rai. Ka tambaya tun ranar ina aka yarda a zauna ina aka hana, don Gidan Makama ginin ƙasa ne tun zamanin Rumfa a ƙarni na 15, ba bangon da za ka jingina wa lasifika ka ƙure ta ba ne. Janareto ma can nesa.

Ka kauce wa damina, kuma a fara bayan isha'i don kar ana tsakar rawa a kira salla.

Sai maganar makaɗa. Ka bi ta hannun shugabansu ku yi tsada, ka ba da kafin alƙalami, kar ka ce wai ai liƙi zai ishe su. Tambari da kakaki kuwa kayan sarauta ne ba a yi wa kowa, in kana so a ji su to sai ka nemi izini daga fada, in ba a ba ka ba ka haƙura kawai.

Wurin jera su ne mutane ke ɓata abin. A fara da mai sanyi, gurmi ko kukuma, sannan mata masu shantu da ƙwarya, sai kalangu, 'yan koroso su zo ƙarshe, don da zarar sun shigo da kacakaura a ƙafa suna tsalle suna alkafura wallahi ba wanda zai sake natsuwa ya saurari shantu. Shi shantu a zaune ake buga shi, mace na doka gindinsa a cinya tana toshe bakinsa da tafin hannu tana buɗewa, sautinsa ƙasa-ƙasa ne, saboda haka a sauko da makirfo kusa da gwiwa, ba a bakin mai waƙa kaɗai ba. A ajiye wa masu ganga ɗan garwashi nesa da gini, in raɓa ta sa fata ta saki su gasa ta.

Mai gabatarwa kar ya cika surutu. Ya fi daɗi a miƙa wa makaɗin makirfo shi da bakinsa ya faɗi a wurin wa ya gaji sana'ar, da me ya haɗa kalangu da mahauta.

Liƙi kuma a ajiye ƙwarya a gaba kowa ya zuba ciki, watsa naira yanzu yana jawo kamu. Cikon kuɗinsu da motar da za ta mai da su gida su kasance a shirye tun kafin 'yan koroso su fito.