Kurakuran da baƙo ke yi a gidan abincin ƙaramin gari a Polan

Wanda ya saba da Warso, babban birnin Polan, inda shagon kebab yake a kowane lungu kuma masu kawo abinci na jin Turanci, ranar da ya sauka a ƙaramin gari zai san ya zo baƙunta. Jerin abincin da harshen Polan kaɗai aka rubuta shi, wani wurin ma da alli a jikin allo.

Tun daga lokaci ake fara kuskure. Mu mun saba babban abinci sai dare. Su kuwa nasu, wanda suke kira obiad, tsakanin ƙarfe 1 da 4 na rana ake cinsa: miya ta sha da cokali tukuna, sannan nama ko kifi da dankalin turawa. Ka je ƙarfe 8 na dare, mai yiwuwa ka tarar an wanke tukwane. In ranar Lahadi ce abin ya fi muni, domin tun 2018 doka ta hana yawancin manyan kantuna buɗewa a ranar, gidajen abinci kuma sun cika da iyalai da suka taso daga coci. Ka je da rana tsaka kawai.

Babban kuskuren Musulmi shi ne ya ɗauka in ya guje wa kalmar wieprzowina, wato naman alade, ya tsira. Ina! Sau da yawa alade ba ya cikin sunan abincin, yana cikin man da aka soya shi da abin da aka barbaɗa a kai. A gidajen abinci irin na gargajiya da ake kira karczma, kafin ka ce komai za a iya ajiye maka burodi da gurji mai tsami da wani farin abu a ƙaramin kasko, kyauta. Kamar man shanu yake a ido, amma smalec ne, kitsen alade da aka narkar. Kada ka shafa. Kotlet schabowy, soyayyen naman da kusan kowane tebur ke ci, na alade ne. Żurek, miya mai tsami ta garin hatsin rai, da tsiran alade da ƙwai take zuwa. Bigos, kabeji mai tsami da aka dafa da nama iri-iri, shi ma haka. Gołąbki, ganyen kabeji da aka naɗe shinkafa da niƙaƙƙen nama a ciki, yawanci akwai alade. Kaszanka kuwa, wani tsiran alade, har da jini.

Wanda ya fi yaudarar mutane shi ne pierogi ruskie. Ƙullin fulawa ne da ake cusa wa dankali da farin cuku a dafa a ruwa, babu nama a cikinsa ko kaɗan, shi ya sa baƙo ke saurin zaɓarsa. Sai kwano ya iso ka ga an watsa masa wasu 'yan guntaye masu ƙyalli tare da albasa. Su ne skwarki, soyayyen kitsen alade. Tun wurin oda ka ce "bez skwarek, bez boczku", ma'ana ban da su ban da naman cikin alade, ka roƙi a sa maka masło, man shanu. (Sunan ruskie ma yana ruɗa mutane. Ba daga Rasha ba ne, daga tsohon yankin Rus ne, wanda yawancinsa ke yammacin Yukiren a yau.)

To me za a ci? Akwai da yawa. Placki ziemniaczane, wainar gogaggen dankali, da naleśniki z serem, fanke mai faɗi da cuku a ciki, da pierogi na kabeji da naman kaza na tsiro, wato laimar kwaɗi, da kifi. Duk abin da za a soya, ka tambaya ko da olej ne, man girki na tsirrai, ko da smalec. Ranar Juma'a ta fi sauƙi, domin Katolika da yawa ba sa cin nama a ranar, kifi ya wadata. Rosół romon kaza ne da taliya, flaki kuma farfesun tumbin saniya, amma ba yankan Musulmi ba ne, wannan kowa ya san matsayar malaminsa. Wanda tafiya ta kai shi gabas, kusa da iyakar Belarus, ya leƙa ƙauyen Kruszyniany, inda Musulmi 'yan ƙabilar Tatar suke tun 1679 da Sarki Jan Sobieski ya ba su ƙasa. Masallacinsu na katako yana nan, kuma suna yin pierekaczewnik, wani naɗaɗɗen gashi mai hawa-hawa.

Kifin ma yana da nasa tarko. Kuɗin da aka rubuta gaban pstrąg, wani kifin ruwan daɗi, sau da yawa na giram 100 ne, ba na kifin duka ba, sai an auna a ninka maka. Dankali da surówka, kwaɗon ɗanyen kabeji ko karas, wani wurin daban ake biyansu. Ruwan sha na kwalba ne kuma na kuɗi, in ba ka son mai gas ka ce niegazowana. Shayi da lemon tsami yake zuwa, ba madara. Barkono kuwa kada ka sa rai, ka ƙulla yajinka a aljihu.

In wurin bar mleczny ne, gidan abinci mai rahusa, kada ka zauna jiran a zo maka. Ka biya a wurin mai kuɗi, ka kai rasit taga, in ka gama ka mayar da kwanonka da kanka.

Saura wurin biya, inda ladabinmu ke jawo mana asara. Kuɗinsu zuloti ne, ba yuro ba, kuma yana da kyau ka riƙe tsaba ko da kati ya ƙi. Idan ka miƙa wa mai kawo abinci takardar zuloti 100 a kan abincin 60 ka ce "dziękuję", wato na gode, ka gaya mata ta riƙe canji ke nan. Ka ce "proszę", wato ga shi, ka jira 40 ɗinka ta dawo, ka ajiye mata kamar kashi 10 cikin 100 in hidimar ta yi maka, sannan ka yi godiyar.