Darasi na 7: Karɓo Babban Karen da Aka Yasar

A Legas ba wuya ka ga kare yana yawo a bakin kwata, haƙarƙari a waje, da guntuwar igiya a wuyansa. Igiyar nan shaida ce cewa dā yana da gida. Wani maigidansa ya tashi zuwa Ingila ko Kanada ya bar shi. Wani an koma sabon gidan haya, mai gidan ya ce ba a shigo masa da kare. Wani kuwa tsadar abinci ce ta sa aka buɗe ƙofa aka kore shi. Akwai mutane da ƙungiyoyi da ke tsintar irin waɗannan karnuka, su yi musu magani, su riƙe su har a sami mai so. Wurin da ake ajiye su shi muke kira gidan kula da dabbobi a wannan darasi.

Maganar ta shafe mu, mu 'yan Arewa mazauna Legas. Da yawa daga cikinmu gadi muke yi a Ikeja, Ikoyi ko Lekki. Wasu suna kwana da shanu a Oko-Oba ta Agege, wasu da kayan gwari a Mile 12. Sau da yawa maigida ne zai je ya karɓo karen, amma mai gadi ne zai kwana da shi ya tashi da shi. Don haka ko kai za ka karɓo, ko miƙa maka za a yi, ya kamata ka san abin da ka riƙe.

Kafin ka tafi

Wani zai ce, Malam, ba a hana mu ajiye kare ba? Hadisi ya yi izini da karen farauta, da na kiwo, da na gona, kuma malamai da dama sun haɗa da na tsaron gida idan akwai buƙata. An umurce mu da wanke ƙwarya sau 7 idan kare ya yi lallagi a cikinta. Malaman Malikiyya ba su ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba, wasu mazhabobin kuwa sun ɗauka. Ka tambayi malaminka. Abin da kowa zai iya yi shi ne ya ware wa kare kwanonsa, ya nisanta shi da buta da tabarmar salla. Mu kuma tuna da mutumin nan da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa. Wannan ya isa ya nuna mana cewa jifan kare da barinsa da yunwa ba addini ba ne.

Sai ka nemi yardar mai gidan da kake ciki, da maƙwabta idan tsakar gida ɗaya kuke. Idan ɗaki ɗaya gare ka a gidan haya mai cike da yara, shawarata ka haƙura. Karen da aka taɓa yasarwa, a sake mayar da shi bayan wata guda, zaluntarsa aka yi sau biyu.

A gidan kula da dabbobi

Amfanin babban kare shi ne halinsa ya riga ya fito. Kwikwiyo sai ya girma ake sanin abin da zai zama. Babba kuwa masu kula da shi sun gan shi safe da yamma. Kada ka ji nauyin tambaya. Ka ce: "Likita, a ina aka tsince shi? Ya taɓa cizon mutum? Yana bin kaji da awaki? Yaya yake da yara? Me yake ci? An yi masa fiɗiya?" Ka tambayi sunan da ya saba da shi, da yaren da yake ji. Karen da ya tashi a gidan Yarabawa ko gidan masu Turanci, idan ka ce masa "zo nan" ya tsaya yana kallonka, ba taurin kai ba ne. Hausa ce bai iya ba tukuna, kuma zai koya.

Su ma za su tambaye ka inda zai kwana da wanda zai ciyar da shi, wataƙila su ba ka takarda ka sa hannu. Ka karanta ta a hankali, ko ka sa a karanta maka, kafin ka rubuta sunanka. Abu mafi muhimmanci da za ka fito da shi shi ne katin riga-kafi. A jikinsa ake rubuta ranar da aka yi wa karen allurar ciwon haukan kare da ranar da za a sake. Ba kati, ka fara kai shi wurin likitan dabbobi kafin ya shiga gida.

Makonnin farko

Nan ne mutane suka fi yin kuskure, don haka mu daɗe a kai. An kawo kare da yamma, ana so a daren nan ya fara haushi yana tsare ƙofa. Ina! Wannan dabba ba ta san inda aka kawo ta ba. Wani zai shige ƙarƙashin mota ya ƙi fitowa. Wani zai yi kwana biyu bai taɓa abinci ba. Wani da ka ɗaga tsintsiya sai ya maƙale a bango yana rawar jiki, domin da irinta aka saba dukansa. Ka tuna ranar da ka fara sauka a Ikko, ba ka san kowa ba, ba ka jin yare, hayaniyar danfo ta cika maka kunne. Haka yake ji.

Ka ba shi wuri guda mai inuwa, wanda ruwan sama ba ya dukansa kuma ambaliya ba ta kaiwa, don ka san daminar Legas. Ka ajiye ruwa mai tsabta dare da rana. Kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake rage zafin jikinsa, shi ya sa ɗaure shi da gajeriyar sarƙa a kan siminti cikin rana yana iya kashe shi. Wasu sun ce ɗauri da yunwa ne ke sa kare zafi. Zafin da ake samu ta wannan hanya, yaron gida yake fara ci kafin ɓarawo.

Ka riƙa ba shi abinci sau 2 a rana, a lokaci guda, daga hannun mutum guda. Ka zauna nesa kaɗan, kada ka zuba masa ido cikin ido, ka bar shi ya zo ya shinshine ka da kansa. Idan ya yi gurnani, gargaɗi yake yi, ka ja da baya. Kada ka dake shi a kan gurnani, domin karen da aka hana gargaɗi cizo yake yi ba sallama. Yara kada su taɓa shi yana ci ko yana barci, kada kuma a bar ƙaramin yaro shi kaɗai da shi. Bayan 'yan makonni za ka ga ya fara tarbar ka yana kaɗa wutsiya, ya fara zagaya katanga da kansa. Sai ya yarda nan gidansa ne sannan zai tsare shi.

Abinci kuwa, ka fara da wanda ya saba, ka sauya a hankali cikin mako guda don kada ya yi zawo. Shinkafa ko tuwo da nama ko kifi marar ƙaya sun yi. Albasa, tafarnuwa, inabi, cakulan da goro suna cutar da kare, saboda haka ragowar miya ba nasa ba ne. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Maganin ciwon jiki na mutane kada ka ba shi. Kaska, ƙuma da tsutsar ciki, likitan dabbobi zai ba ka maganinsu daidai nauyin karen.

Ciwon haukan kare

Wannan ciwo yana shiga mutum ta yawun dabba, galibi ta cizo ko yakushi. Da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya ƙwarai a tsira. Amma riga-kafi yana hana shi. A ƙasarmu ana yi wa kare allurar sau ɗaya kowace shekara, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana sarrafa ta. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya.

Idan kare ya sauya hali farat ɗaya, yana dalalar da yawu, yana cizon duk abin da ya gani, ko bakinsa ya saki kamar ƙashi ya maƙale masa, kada ka sa hannu a bakinsa. Ka kulle shi ka kira likita. Idan ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a tafi asibiti a ranar. Kada a zuba toka ko barkono ko gashin karen. A tsare karen kwana 10 ana lura da shi, amma wanda aka ciza ba zai zauna jiran kwanakin nan ba, allurarsa daga ranar farko ake farawa.

Aikin gida

Ɗauki littafinka ka zana kati. Rubuta sunan kare a sama, a ƙasa ka rubuta "ranar allura" da "ranar komawa". Idan an yi allurar ranar 28 ga Satumba, wace rana za a koma? Idan kare ya yi cizo ranar 3 ga wata, ranar nawa ga wata kwana 10 za su cika? Sannan ka tambaya a unguwarku inda asibitin dabbobi mafi kusa yake, ka rubuta sunan titin da kuɗin mota zuwa da dawowa, ka zo da shi aji mako mai zuwa.