Darasi: Yadda ake gane gamba da yadda ake shuka ta

Gamba ciyawa ce mai son zafi wadda ba ta mutuwa duk shekara. Ganyenta yakan bushe da rani, amma gindin yana nan da rai, domin saiwarta tana nutsewa ƙasa har kusan mita 3. Shi ya sa da an yi ruwan fari takan riga sauran ciyayi toho, daidai lokacin da dabbobi suka fi jin yunwa.

Gane ta

Gamba tana tsayawa ne tuli-tuli, kowane gindi da kara masu yawa, tsayinta yakan kai mita 2 zuwa 4. Ganyen dogo ne mai gashi-gashi, da farar jijiya a tsakiyarsa. Idan ta yi huda, kan yakan rabu biyu-biyu, da iri mai gashi marar nauyi.

Kada ku ɗauki tofa a matsayin gamba. Tofa gajera ce, tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa, kanta guda ɗaya ne fari fat. Kyasuwa kuwa shekara guda take yi ta mutu.

Shuka

Ku zaɓi fili wanda ruwa ba ya daɗewa kwance a kansa. Ƙasa marar ƙarfi ba ta hana gamba yi. Ku nome filin, ku farfasa ƙasar ta yi laushi, ku jira damina ta zauna.

Sabon irin da aka tsinko ba ya tsirowa sosai, sai ya kwana wata kamar shida a busasshen wuri. Hekta guda tana cin kilo 5 zuwa 10 na iri mai kyau. Idan ƙaiƙayi ya yi yawa a ciki, sai a ƙara. Ku cuɗa irin da yashi, in ba haka ba gashinsa zai sa ya dunƙule, ko iska ta kwashe shi. Zurfin shuka kada ya wuce santimita 2. A nan mutane da yawa suke yin asara: ƙwayar ƙanƙanuwa ce, idan aka binne ta da zurfi, tsiron ba ya iya huda ƙasa. Idan kuma aka bar ta a fili, tururuwa za su kwashe. A rufe sama-sama, a taka da ƙafa.

Dashe ya fi sauri ga mai ƙaramin fili. A tono tsohon gindi, a raba shi, kowane yanki da kara uku ko huɗu da saiwarsu, a datse ganyen, a dasa da tazarar santimita 50 zuwa mita 1 a ranar da ƙasa take da danshi.

Shekarar farko

Gamba tana jinkirin tashi, wasu ciyayi sukan danne ta tana ƙarama. Ku yi cira sau biyu a watanni biyun farko. Kada ku saki dabbobi a kai tukuna, domin za su tumɓuke ta tun saiwa ba ta kama ba. Wannan haƙurin ya cancanta, gindin da ya kafu yakan yi shekaru yana bayarwa. Takin dabbobi ko ɗan yuriya bayan yanka yana ƙara mata ganye.

Yanka

Amfanin gamba yana cikin ɗanyen ganye. Da zarar ta yi kara ta fara huda, abincin da ke cikinta ya ragu ƙwarai, dabba sai ta ci ta ƙoshi amma ba ta yin ƙiba. Ku yanka duk bayan mako 6 zuwa 8 da damina, ku bar santimita 15 zuwa 20 a gindi. Wadda za a adana, a shanya ta kwana biyu ko uku ana juyawa, a ɗaure, a ajiye a inuwa inda ruwa ba ya taɓawa. Idan aka tara ta da danshi, za ta yi fumfuna.

Busasshiyar gamba tana cin wuta da ƙarfi. A Ostareliya, inda aka kai ta don kiwo, ta bazu cikin daji tana ƙara zafin gobara, har aka hana shuka ta. Don haka kafin rani ya yi nisa, ku share gefen filin kewaye, kada kuma ku bar dogayen kara tsaye kusa da gidaje ko rumbuna.