Darasi na 7: Tukunyar Tace Ruwa Mai Azurfa

Ruwan rijiya ko na tafki yakan yi garau a ido, alhali yana ɗauke da ƙwayoyin cutar kwalara da taifot. Aikin wannan tukunya shi ne ta tare su.

Ana kwaɓa yumɓu da ɓuntun shinkafa wanda aka niƙa aka tankaɗe, a gasa tukunyar da zafin da ya kai kusan digiri 900. Ɓuntun yakan ƙone, ya bar ƙofofi mitsi-mitsi a jikinta. Daga nan sai a shafe ta da ruwan azurfa. Ƙwayoyin azurfar su masana ke kira nano: kowace ɗaya ba ta wuce nanomita 100 ba, kuma sai an tara nanomita miliyan 1 ake samun milimita 1. Ƙofofin suna tare laka da yawancin ƙwayoyin cuta, azurfar kuma tana kashe waɗanda suka maƙale, ta hana su hayayyafa. Saboda haka randar gida ba za ta yi wannan aiki ba.

Ku ɗora tukunyar a bakin bokiti mai murfi da famfo. Idan sabuwa ce, ku cika ta sau 3 kuna zubar da abin da ya ɗiga. Ruwan damina mai laka kuwa, ku bar shi ya kwanta tukuna, ku tace da tsabtataccen ƙyalle.

Lafiyayyar tukunya tana ɗigar da lita 1 zuwa 3 a awa ɗaya. In ɗigar ta ragu, laka ce ta toshe ƙofofin. Ku goge cikinta da buroshi mai laushi da ruwan da aka tace, ban da sabulu, ban da bilic. Kada ku ajiye gindinta a ƙasa. In kuwa ruwa ya riƙa zuba da sauri, ta tsage ke nan, ko da ido bai ga tsagar ba. A sake wata, liƙi ba ya magani. Galibi ana canza ta bayan shekara 2.

Sau da yawa a bokitin ake ɓata ruwan, in yara suna tsoma kofi. A famfo za a tara.

Tukunyar ba ta tare bairos sosai, wato ƙwayoyin cuta mafi ƙanƙanta, don haka ruwan jarirai a tafasa shi. Ba a dogara da ita wajen cire gubar dalma, irin wadda ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010. Tafasawa ma ba ta cire dalma. Ruwan da ke kusa da inda ake niƙa ko wanke dutsen zinari, kada a ɗebo shi don sha, domin yana iya ɗauke da dalma.